Kiyaye mashayar ruwa ta injin jirgi

Injin da ake ɗaura wa kwale-kwale a baya, wanda ake kira moter, ba shi da tankin ruwan sanyaya irin na mota. Ruwan kogin da yake tafiya a kai shi yake sha domin ya huce. In hanyar ruwan ta toshe, injin ya yi zafi, yana iya mutuwa a tsakiyar kogi da mutane da kaya a cikin jirgi. Saboda haka kowane mai jirgi, daga Ayoru har Gaya, ya kamata ya san mashayar injinsa.

Yadda ruwa ke shiga

A ƙafar injin, can ƙasa kusa da farfela, akwai ƙananan ƙofofi a gefe biyu, an rufe su da rariya. Su ne mashaya. Sama da su akwai famfo mai ƴar farfela ta roba, wadda ke tura ruwa ya zagaya cikin injin. Kaɗan daga cikin ruwan yana fitowa a tsinin tsiya ta wata ƴar ƙofa a bayan injin, kamar fitsari. Wannan ruwa shi ne shaida. Muddin yana fita da ƙarfi, injin yana sha.

Abubuwan da ke toshe ta

Kogin Isa yana sauya hali bisa lokaci. A Yamai, cikin Agusta da Satumba, jan ruwan damina yana zuwa da laka da shara. Daga Disamba zuwa Janairu ruwan Gini ke isowa. A Mayu da Yuni kuma ruwa ya janye, yashi ya fito fili. Kainuwa da ciyawa da guntun koma suna naɗe ƙafar injin. Leda ta fi su haɗari, domin takan manne a kan rariya ta rufe ta ruf. Yashi kuwa yana wuce rariya, ya riƙa cin robar famfo sannu a hankali.

Abin da ya kamata a yi

1. Kafin a tashi, a ɗaga ƙafar injin a duba rariya. In ta fashe, a sake ta.
2. Kada a tada injin a tudu. Robar famfo ba ta jure bushewa. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ta ƙone.
3. Da an tada injin, a dubi ruwan shaida. A kan hanya ma a riƙa waiwayawa.
4. In ruwan ya ragu ko ya tsaya, a kashe injin nan take. Sai ya mutu sarai kafin a kai hannu kusa da farfela.
5. A wuri marar zurfi, a ɗaga injin a kama gora ko filafili.
6. In ƴar ƙofar shaida ce ta cushe, a zura mata zaren fatsa mai kauri, ba ƙusa ba.
7. Sau ɗaya a shekara, makanike ya buɗe famfo ya duba robar.

Zaizayar ƙarfe

Ƙafar injin ta alminiyom ce. Ba ta yin jar tsatsa, sai dai ta fitar da farin gari, fenti ya kumbura, ƙarfe ya yi ramuka. Don hana wannan aka ɗaura mata wani guntun ƙarfe da makanikai ke kira anod. Shi ruwa ke ci a madadin injin. Kada a shafa masa fenti ko mai, domin in an rufe shi ya daina aiki. In rabinsa ya cinye, a sa sabo. Na tutiya a ruwan teku ya fi amfani; a ruwan daɗi irin na kogin Isa, na maganiziyom ko na alminiyom ya dace.

In an yi aiki a ruwa mai laka ko mai kanwa, a sa ƙafar injin cikin durom na ruwa mai tsabta har ya rufe mashaya, a bar shi ya yi aiki ƴan mintoci. In jirgi zai kwana a mashigi, a ɗaga ƙafar daga ruwa.

Kuɗin roba da anod kaɗan ne bisa kuɗin sabon inji. Rigakafi ya fi magani.