Malamin Riƙon Ƙwarya: Daga Gardin Tsangaya Zuwa Ɗan N-Power

Tun kafin a san alli da allon bango a ƙasar Hausa, an san malamin riƙon ƙwarya. A tsangaya, idan alaramma ya yi tafiya ko ciwo ya kwantar da shi, ba a tashin makaranta. Gardi ne zai zauna kusa da buzun malam, ya biya wa kolo karatu, ya duba allon titibiri, ya tsare bakin gargari da dare. Ba a biyansa ko anini. Amma kowa ya san riƙon nan tsani ne: wanda ya riƙe wa malam makaranta yau, shi za a sallama gobe ya kafa tasa.

Da boko ya zo, bai rushe wannan tsani nan take ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, malamai ƙalilan suka iya yayewa. Saboda haka elemantare da yawa na En'e sun jingina ne da samarin da ba su daɗe da barin benci ba, ana ba su ƙananan azuzuwa su riƙe. Wanda ya nuna hazaƙa akan tura shi kwalejin horon malamai, ya dawo da takardarsa.

Al'amarin ya sauya kama a Satumban 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. Aka yi azuzuwa a gindin bishiya da rumfunan zana. Malami kuwa ba ya tsirowa a damina guda kamar gero. Dole aka kwashi waɗanda suka gama firamare da waɗanda ba su haye jarrabawar Giredi Tu ba, aka danƙa musu alli da sunan malaman taimako. Don su ne aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin su yi karatu daga nesa suna kan aiki. A ganina, wannan ne karo na ƙarshe da hukuma ta ɗauki mai riƙon ƙwarya tana tunanin inda zai kai. Da kuɗin mai ya karye a farkon shekarun 1980, malaman firamare a jihohi da dama suka riƙa shafe watanni ba albashi, tunanin ma ya bi ruwa.

Waɗanda suka biyo baya baƙi ne masu kwanan wata a goshi. Ɗan hidimar ƙasa, wanda tsarinsa ya faro a 1973, shekara guda yake yi. Sau da yawa kafin ya koyi Hausar da zai tsawata wa aji, lokacin tafiyarsa ya yi. A 2016 aka kawo N-Power, aka tura masu digiri azuzuwa a kan alawus na Naira 30,000 a wata. Rukunin farko an sallame su a 2020, bayan kusan shekara huɗu suna koyarwa, ba tare da an mayar da su ma'aikatan dindindin ba. A ƙasan kowa kuma akwai malamin da ƙungiyar iyaye da malamai ke biya da abin da aka tara, in an tara.

Ni ma na ɗanɗana. Bayan na gama digiri, na riƙe aji huɗu na zango biyu a wata firamare, a madadin malamar da ta tafi hutun haihuwa. Ba a miƙa mini tsarin darasi ba. Daga littattafan yaran na gano inda ta tsaya, kuma kowane littafi da inda ya nuna. Makon farko gwaji ne, domin yara sun fi kowa sanin wanda ba zai daɗe ba. Idan wani malamin bai zo ba, ni ake haɗa wa ajinsa, tunda ba ni da bakin cewa a'a. Sai da wata yarinya mai suna a ƙarshen rajista ta fara haɗa baƙi da wasali ta karanta jimla, sannan na ji ajin ya zama nawa. A makon ne malamar ta dawo.

Abin da ya fi wahalar da mai bin wannan tarihi shi ne rashin sawu. Malamin dindindin yana da fayil, da lambar aiki, da takardar fansho. Mai riƙon ƙwarya ba ya barin komai sai rubutun hannunsa a rajistar da ke ɗauke da sunan wani. Da na koma makarantar bara neman takardar shaidar cewa na taɓa koyarwa, hedimasta ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya buɗe kabad ya duba, ya sake dubawa. Daga ƙarshe ya ce, “Malam, sai dai ka rubuta da kanka, ni in sa hannu.”