Dorugu da "Magana Hausa": bakin ɗan Damagaram, alƙalamin ɗan mishan

A shekarar 1885 wata ƙungiyar Kirista ta Landan mai suna SPCK ta buga littafin "Magana Hausa", wanda ya tattara karin magana, tatsuniyoyi, labarai da guntayen tarihi cikin rubutun boko. Sunan da ke kan bangonsa shi ne na James Frederick Schön, Bajamushe mai aikin bishara a ƙarƙashin mishan ɗin CMS ta Ingila. Amma mafi yawan abin da ke ciki daga bakin wani saurayi ɗan ƙasar Damagaram ya fito.

Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya fara koyon harshen ne wajen ƴantattun bayi a Saliyo, ya kuma shiga tawagar Ingila da ta bi kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Da rashin lafiya ta maido shi Ingila, sai ya zauna da burin fassara Linjila, alhali babu Bahaushen da zai ji magana daga bakinsa. Mai rubutu da ba shi da majiya kuwa kamar rijiya ce da ba ta da idon ruwa.

Majiyar ta zo a 1855. An haifi Dorugu a ƙauyen Dambanas kusa da Kance, aka kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Barno. A Kukawa matafiyi Adolf Overweg ya fanshe shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852, yaron ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, har Tumbutu, sannan suka ƙetare Sahara zuwa Turai tare da abokinsa Abbega. A gidan Schön, Dorugu ya riƙa faɗa ana rubutawa: labarin kama shi, tafiye-tafiyensa, abin da ya gani a Jamus da Ingila, da tatsuniyoyin da ya ji a gida.

Daga wannan zama ne Schön ya samu ƙarfin fitar da fassarar sassan Littafi Mai Tsarki tun daga 1857, da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. Manufar mishan ita ce masu wa'azi su iya harshen. Sai dai abin da littafin 1885 ya adana ya zarce wannan manufa, domin ya riƙe Hausar Damagaram ta tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma riƙe idon ɗan Afirka yana auna Turai da mudun garinsu.

Dorugu ya koma Afirka a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarinsa da Ingilishi, suka tabbatar masa da matsayin mai labarin.

Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai masu tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi a yau, darasin a fili yake. Abin rubutawa yana bakin mutane, kuma haƙƙin mai faɗa ne a sa sunansa da na garinsa kusa da na mai rubutawa.