Makarantun Kwana na Abuja da Tarihin Ɗaukar Nauyin Ɗalibai

Alaƙar ƙasar Abuja da makarantar kwana ta girmi birnin tarayya, domin tun kafin dokar 1976 wadda ta keɓe yankin sabon babban birnin Nijeriya, masarautar Abuja, wadda a yau ake kira Suleja, tana tura 'ya'yanta karatu nesa da gida. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, kuma daga sunansa aka samo sunan Suleja, yana cikin waɗanda suka yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar horon malamai da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa.

Abin da ya ba wannan kwaleji daraja shi ne yadda aka tsara rayuwar ɗalibi tun daga asuba har zuwa karatun dare, aka raba yara gida-gida a ƙarƙashin shugabanni daga cikinsu, ta yadda ƙarami yake koyon ladabi da naci daga na gaba da shi. Sai dai ƙofarta ƙarama ce ƙwarai, kuma 'ya'yan sarakuna da na hakimai sun fi kowa samun shiga. Duk da haka, da yake hukumomin En'e, wato hukumomin gargajiya masu riƙe da baitulmalin masarautu, su ne ke ɗaukar ɗawainiyar yaran da suka tura, ɗan ƙaramin gida irin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya iya zama a makaranta ɗaya da Ahmadu Bello, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A nan ne aka aza harsashin fahimtar da har yanzu take da ƙarfi a Arewa, cewa ciyar da ɗalibi mai hazaƙa da tufatar da shi haƙƙi ne da ke wuyan hukuma.

Gwamnatin Tarayya ta gaji wannan nauyi da wata manufa ta daban. A 1966 ta fara kafa kwalejojinta, ciki har da ta Sakkwato da ta Warri, sannan bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yawaita su domin yaran kowane sashe su tashi a ɗaki ɗaya, abin da ya sa ake kiran su makarantun haɗin kai. Yankin birnin tarayya ya sami rabonsa a Kwali da Bwari da Abaji da Rubochi da Apo da Orozo. Ana shiga ta hanyar jarrabawar bai-ɗaya, amma makin da ake nema yakan bambanta daga jiha zuwa jiha, domin a bai wa jihohin da aka bari a baya a karatun boko gurbi. An daɗe ana sukar wannan tsari da cewa yana tauye mai ƙoƙari, alhali kuwa ba don shi ba, da yaron karkarar Zamfara ko Yobe, wanda makarantar firamarensa ba ta da isassun malamai, bai kusanci Kwali ba.

Gwaji mafi zurfi a fannin tallafi shi ne makarantar masu hazaƙa ta Suleja, wadda tunaninta ya samo asali a zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, ta kuma fara aiki a 1990. An tsara ta ne a kan cewa gwamnati za ta ɗauki nauyin karatu da masauki da abinci da tufafi gaba ɗaya, saboda kada talaucin iyaye ya shiga cikin ma'aunin zaɓe. Hukumar birnin tarayya ita ma ta kafa tata makarantar masu hazaƙa a Gwagwalada. Raunin wannan tsari shi ne tallafin yana farawa ne bayan an ci jarrabawa, alhali cin jarrabawar ya fi sauƙi ga yaron da iyayensa suka iya biya masa firamare mai kyau.

A sauran kwalejojin tarayya, ko da yake ba a karɓar kuɗin koyarwa, iyaye ne ke biyan kuɗin masauki da na inifom da na littattafai, kuma a 2023 aka ɗaga abin da sabon ɗalibi zai biya a zangon farko daga naira 45,000 zuwa naira 100,000. Ga babban ma'aikaci a Garki ko Wuse wannan adadi bai kai kusa da kuɗin makarantun kwana masu zaman kansu ba, irin su Loyola Jesuit da aka buɗe a Gidan Mangoro a 1996, amma ga manomin doya Bagwari a Kwali, wanda aka gina kwalejin a ƙasar kakanninsa, yana iya zama dalilin da zai sa yaron da ya ci jarrabawa ya haƙura da gurbinsa ya koma makarantar jeka-ka-dawo.