Tarihin Neman Madadin Madarar Shanu ga Yaron da Jikinsa Ba Ya Karɓar Ta

Madarar shanu ita ce abin da aka fi ba yaro idan ya fara girma yana haɗa nonon uwa da abinci, amma akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar ta. Garkuwar jikinsu kan ɗauki furotin ɗin madarar tamkar cuta ta yaƙe shi, sai a ga borin jini, ko kumburin leɓe, ko amai da gudawa, ko ƙaiƙayin fata, wani lokaci har da sarƙewar numfashi. Wannan shi ne alajin madara, kuma ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne bai wuce yara 2 zuwa 3 cikin ɗari ba. Daban yake da rashin iya narkar da sukarin madara, wanda ke kawo kumburin ciki ga manya da yawa ba tare da garkuwar jiki ta shiga ciki ba. Neman abin da za a ba irin wannan yaro yana da dogon tarihi, kuma kusan kowane mataki a cikinsa an tako shi ne bayan an gano abin da madadin baya ya rasa.

Kafin zamanin masana'antu

A yawancin tarihin ɗan Adam, madadin nonon uwa shi ne nonon wata uwar. Larabawan Makka kan ba matan ƙauye 'ya'yansu shayarwa, kamar yadda Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Annabi Muhammadu (SAW), kuma shari'ar Musulunci ta ba wannan shayarwa matsayin da ke haramta aure. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa. Yaron da ya sha nono tsawon wannan lokaci, sannan aka yaye shi da kunu da tuwo, bai dogara da madarar dabba ba, don haka matsalar ba ta fito fili sosai ba.

Ruwan tsirrai mai kama da madara ma tsohon abu ne, sai dai ba don jarirai aka fara yin sa ba. A Turai ta tsakiyar zamani an riƙa dafa abinci da madarar almon a kwanakin azumin Kirista, lokacin da coci ya hana cin abin da ya fito daga dabba. A Balansiya ta ƙasar Sifen ana tatsar aya a yi abin sha irin kunun aya. A Sin kuwa ana jiƙa waken suya, a niƙa, a tace, a tafasa. Da wannan ruwa ake yin awara, wadda aka ambata a rubuce tun ƙarni na 10, kuma daga baya ruwan kansa ya zama abin karin kumallo da ake sayarwa a bakin titi.

Madarar gwangwani da gano ciwon

A 1865 masanin kimiyyar Jamus Justus von Liebig ya haɗa abincin jarirai da madarar shanu da garin alkama, a 1867 kuma Henri Nestlé ya fito da nasa a Suwizalan. Da jarirai masu yawa suka koma shan madarar shanu tun suna 'yan makonni, likitoci suka fara ganin waɗanda take wahalarwa. A 1906 likitan yara na Biyana, Clemens von Pirquet, ya bayyana yadda jiki ke sauya martani ga abin da ya taɓa haɗuwa da shi, kuma bayaninsa ya zama tushen ilimin alaji.

Abin da aka fara komawa gare shi shi ne madarar akuya. Wasu yaran sun samu sauƙi, amma bincike daga baya ya nuna furotin ɗin akuya da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, har mafi yawan masu alajin madarar shanu jikinsu na ƙin su ma. Wannan ne ya juya hankalin likitoci zuwa ga tsirrai.

Zamanin waken suya

A 1909 John Ruhräh, likitan yara a Baltimo ta Amurka, ya wallafa rahoto kan ciyar da jarirai da kunun garin waken suya. A daidai wannan lokaci wani ɗan Sin mai suna Li Yuying ya kafa masana'antar madarar suya da awara kusa da birnin Paris. A ƙarshen shekarun 1920 Dakta Ernest Tso ya yi gwaje-gwajen renon jarirai da madarar suya a Beijin. Babban mataki ga masu alaji ya zo a 1929, lokacin da Lewis Hill da Harold Stuart na Boston suka ba da shawarar haɗin suya ga jariran da madara ke sa wa ƙuraje, kamfanin Mead Johnson kuma ya fara sayar da shi da sunan Sobee.

A 1936 wani likitan mishan Ba'amurke, Harry Miller, ya buɗe masana'antar madarar suya a Shanghai, amma yaƙin Sin da Japan ya rushe ta a 1937. Ya koma jihar Ohayo ya ci gaba da aikin. A 1940 K. S. Lo ya kafa Vitasoy a Hong Kong da manufar samar da abin sha mai gina jiki da araha.

Haɗe-haɗen farko na da aibi mai yawa. An yi su ne da garin wake gaba ɗaya, suna da warin ɗanyen wake, suna kumbura ciki, suna sa gudawa. A ƙarshen shekarun 1950 an samu jarirai da suka yi maƙoƙo saboda ƙarancin aidin, daga nan aka fara ƙara shi a ciki. A tsakiyar shekarun 1960 aka koma amfani da tsantsar furotin da aka ware daga waken. A 1967 masu bincike a Jami'ar Cornell suka nuna cewa niƙa waken cikin ruwan zafi sosai na kashe sinadarin da ke haifar da warin. Darasi mafi ɗaci ya zo a 1978 da 1979, lokacin da wani kamfani a Amurka ya rage gishiri a madarar suya ta jarirai, yara da dama suka kamu da rashin lafiya saboda ƙarancin sinadarin kulorayid. Wannan ne ya sa majalisar ƙasar ta kafa dokar madarar jarirai a 1980, wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin kowane sinadari da dole a samu a ciki.

Suya ba ta warware komai ba, domin kusan ɗaya cikin goma na masu alajin madara jikinsu na ƙin ta ita ma. Saboda su aka bi wata hanya: a ɗauki furotin ɗin madarar shanu a farfasa shi ƙanana har garkuwar jiki ta kasa gane shi. Nutramigen, wadda ta fito a 1942, ita ce ta farko irin wannan. A shekarun 1980 aka samar da Neocate a Ingila, wadda aka haɗa da ainihin tubalan furotin ɗaya-ɗaya, domin yaran da ciwonsu ya fi tsanani.

Abin shan kanti da haɗarinsa

Daga shekarun 1990 kantuna suka cika da madarar shinkafa da ta almon da ta kwakwa da ta hatsin ot, wadda Rickard Öste ya ƙirƙiro a Jami'ar Lund ta Suwidin. Farinsu ɗaya ne da na madara, amma abin da ke cikinsu ya bambanta. Madarar shanu na da furotin kusan giram 3 a kowane mililita 100, ta suya ma kusan haka, ta ot kusan giram 1, ta almon da ta shinkafa kuwa ba su wuce rabin giram ba.

Illar wannan giɓi sananniya ce tun da daɗewa. A shekarun 1930 Dakta Cicely Williams ta bayyana ciwon kwashiyoko a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a jikin yaran da aka cire daga nono aka bar su da kokon masara zalla. A 2001 likitoci a Atlanta ta Amurka suka ba da rahoton ciwon nan a jikin yaron da aka dogara masa da madarar shinkafa, da kuma lanƙwasar ƙashi a jikin wani da ke shan ta suya wadda ba a ƙara wa bitamin D da kalsiyam ba. A 2009 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta shawarci iyaye kada su maye gurbin madara da ta shinkafa ga ƙananan yara saboda gubar asenik da shinkafa ke zuƙa daga ƙasa.

Matsayin yaron da ke shan nono

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar shayarwa zalla wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Tun ƙarshen shekarun 1970 bincike ya nuna cewa ɗan kaɗan daga furotin ɗin madarar da uwa ta sha na ratsawa cikin nononta. Yawancin yara ba ya damun su, kuma likita kan sa uwa ta ƙaurace wa madara ne kawai idan alamun sun bayyana a jikin yaron. Yaron da ya haura shekara ɗaya, yana shan nono sau da yawa a rana, yana kuma cin abinci iri-iri, sau da yawa ba ya buƙatar wani madadi a kofi. Idan shayarwar ta ragu, likitoci kan zaɓi madarar suya da aka ƙara wa kalsiyam, ko ɗaya daga cikin madarar musamman irin su Nutramigen da Neocate.

A ƙasar Hausa waken suya ya yaɗu sosai daga shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta ƙarfafa sarrafa shi a gida, har awara ta zama abincin kowace unguwa. Madarar suya ta gida na da furotin amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, sai an cike da miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya. Kindirmo da nonon fura da man shanu da madarar gari duk suna ɗauke da furotin ɗin da ke tayar da ciwon, tsami ko tafasa ba ya kawar da shi. Yara da yawa kan rabu da alajin kafin su isa shiga makaranta, amma sake gwada musu madara aiki ne da ake yi bisa umarnin likita, musamman ga wanda ya taɓa yin kumburi ko sarƙewar numfashi.