Asisat Oshoala: Tarihin Yarinyar Ikorodu da Ƙwallonta

 

A kowace shekara wannan fili na tarihi yakan kawo mana labarin sarakuna da malamai da attajiran da suka kafa garin nan. Bana kuwa mun roƙi kwamitin mujalla ya yi mana uzuri mu ɗan leƙa waje, mu kawo tarihin wata baiwar Allah 'yar ƙasarmu wadda ba a garin nan aka binne cibiyarta ba. Dalilinmu shi ne, mu da muka ƙarar da ƙarfinmu muna bin gida-gida muna roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su gama karatu, yau ga shi jikokinmu sun fara kafa mana hujja da wata da ta ajiye karatu ta kama ƙwallo, kuma ta yi arziki ta yi suna. Tunda abin ya kai haka, gara a ji labarin tun daga tushe, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma idan babu mai ita ai a nemi wanda ya bi ta daki-daki.

An haifi Asisat Oshoala a garin Ikorodu na Jihar Legas ran 9 ga Oktoba, 1994, a gidan Yarabawa Musulmi. Lokacin da ta zo duniya ƙwallon ƙafa na mata a Nijeriya yana rarrafe ne, ko da yake rarrafen mai ƙarfi ne. Ƙungiyar mata ta ƙasa, wato Super Falcons, ta halarci gasar kofin duniya ta farko da aka yi a ƙasar Sin a 1991, kuma daga nan zuwa 2023 ba a yi ko ɗaya ba tare da ita ba. A 1998 Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar mata ta Afirka, aka buga wasu wasanni a Kaduna, kofin kuma ya tsaya a gida. A 1999 su Mercy Akide da Florence Omagbemi suka kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a Amurka, inda Brazil ta fitar da su da ƙyar, 4 da 3, bayan ƙarin lokaci. Wannan ita ce hanyar da aka share wa Asisat tun tana 'yar shekara huɗu.

Sai dai a gida babu wanda ya share mata komai. Ta sha faɗa da bakinta cewa a kan titi ta koyi tamaula tare da yara maza, kuma iyayenta sun ƙi jinin abin, suna son ta tsaya ga karatu, kakarta ce kawai ke rufa mata asiri. Da ta yanke shawarar ajiye makaranta domin ƙwallo, ransu ya ɓaci ƙwarai. A nan dole mu faɗi gaskiya: da a makarantarmu take a wancan lokaci, bayan iyayenta za mu bi. A kwalejin horon malamai an koya mana darasin motsa jiki, amma da muka fito aiki ƙwallo guda ce a makaranta, tana kulle a kabad ɗin ofishin hedimasta, kuma ta maza ce. 'Yan mata sai gaɗa da carafke a gindin bishiya. Ba mu taɓa tambayar kanmu ko a cikinsu akwai mai baiwar ƙafa ba.

Ta fara da wata ƙaramar ƙungiya ta Legas mai suna FC Robo a 2009, ta yi shekara huɗu a can kafin Rivers Angels ta Fatakwal ta ɗauke ta a 2013. Shekarar 2014 ce ta fitar da ita sarari. A gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Kanada ta jefa ƙwallo 7, huɗu daga ciki a ragar Koriya ta Arewa a wasan kusa da na ƙarshe, wanda aka tashi 6 da 2. Jamus ta ɗauke kofin da ci 1 da nema bayan ƙarin lokaci, amma kyautar wadda ta fi iya wasa da ta wadda ta fi jefa ƙwallo duka Asisat aka bai wa. Ba a rufe shekarar ba sai da ta ci kofin Afirka tare da manyan 'yan wasa a Namibiya, Shugaba Goodluck Jonathan ya ba ta lambar girma ta MON. Daga baya hukumar ƙwallon Afirka ta naɗa ta gwarzuwar shekarar. Duk wannan ba ta wuce shekara ashirin a duniya ba.

Daga nan sai yawon duniya. A Janairun 2015 Liverpool ta ɗauke ta, ta zama 'yar Afirka ta farko da ta buga babbar gasar mata ta Ingila, kuma a shekarar ce gidan rediyon BBC ya ƙirƙiro kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallo ta duniya, ita ce ta fara karɓa. Zaman Ingila bai yi armashi yadda aka zata ba, don ciwon gwiwa ya zaunar da ita wata biyu, Liverpool kuma ta ƙare ta bakwai cikin ƙungiyoyi takwas. A 2016 ta koma Arsenal, suka ci kofin FA. A 2017 ta tafi Dalian ta ƙasar Sin, mutane da yawa suka ce ta bi kuɗi ta binne kanta. Mu dai ba mu ga laifinta ba. Sana'ar ƙafa gajeruwa ce, kuma wadda ba ta da takardar shaidar karatu da za ta koma wa dole ta yi tanadi tun da sauran rana. A can ta ci gasar ƙasar sau biyu a jere.

Akwai abin da masu kafa hujja da ita ba su cika ambata ba. A Disambar 2016 Super Falcons suka doke Kamaru 1 da nema a gaban jama'arta a Yawunde, Asisat ce ta fi kowa jefa ƙwallo a gasar da guda 6. Da suka dawo Abuja da kofi sai suka tarar ba a biya su haƙƙoƙinsu ba. Suka ƙi barin otal ɗin da aka sauke su har kusan mako biyu, suka yi tattaki da kwalaye zuwa Majalisar Tarayya, kafin gwamnati ta saki kuɗin. A 2019 ma sai da suka sake irin wannan zaman dirshan a Faransa bayan an fitar da su daga gasar kofin duniya. Idan zakarun nahiya sai sun yi haka kafin su ga guminsu, mai karatu ya auna halin yarinyar da ke buga wa ƙaramar ƙungiya a gida, wadda ba ta da suna ba ta da mai tsaya mata. Asisat ɗaya ce daga cikin ɗimbin waɗanda suka ajiye karatu domin ƙwallo, sauran kuwa ba a rubuta tarihinsu.

Barcelona ta Sifen ita ce inda tauraruwarta ta kai tsakiyar sama. Ta je a matsayin aro a Janairun 2019, kuma a watan Mayu ta jefa ƙwallo ɗaya tilo da ƙungiyar ta samu a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, wanda Lyon ta Faransa ta ci 4 da 1. Babu 'yar Afirka da ta taɓa jefa ƙwallo a irin wannan wasa kafin ita. A 2021 Barcelona ta lallasa Chelsea 4 da nema ta ɗauki kofin, Asisat ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci shi, suka kuma maimaita a 2023. A kakar 2021 zuwa 2022 ta jefa ƙwallo 20 a gasar Sifen, ta raba kyautar wadda ta fi jefa ƙwallo da Geyse 'yar Brazil. Cikin shekara biyar ta ci wa Barcelona fiye da ƙwallo ɗari. Kyautar gwarzuwar Afirka kuwa ta karɓe ta sau shida, a 2014, 2016, 2017, 2019, 2022 da 2023, ta zarce Perpetua Nkwocha mai huɗu.

Ran 27 ga Yuli, 2023, a birnin Brisbane, aka sako ta daga benci ta jefa ƙwallo ta uku da Nijeriya ta doke Ostiraliya mai masaukin baƙi 3 da 2. Da ma ta ci Suwidin a 2015, ta ci Koriya ta Kudu a 2019, don haka ta zama ta farko daga Afirka da ta jefa ƙwallo a gasar kofin duniya uku. A cikin 'yan wasan da suka tsare tsakiyar fili ran nan akwai Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna. Cikin murna Asisat ta tuɓe rigarta ta sama, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙasar nan, mu ma bai yi mana daɗi ba. Ita da kanta ta bayyana daga baya cewa mahaifinta bai ji daɗin haka ba. Ashe dattijon da ya so ta tsaya ga karatu har yanzu idonsa yana kanta, ita ma tana jin nauyin idon.

Wani abin lura shi ne gidauniyar da ta kafa da sunanta, da kuma makarantar koyon ƙwallo ta 'yan mata da ta buɗe a Legas a 2022, wadda aka tsara domin yara su haɗa wasa da karatu. Wato wadda ta ajiye ɗaya ta ɗauki ɗaya ba ta so na bayanta su shiga wannan tsaka mai wuya. Muna fata kwamitin ilimi na ƙungiyarmu zai dubi wannan idan ya zauna kan filin wasan makarantar 'yan mata da ciyawa ta cinye.

A Fabrairun 2024 ta bar Barcelona zuwa Bay FC, wata sabuwar ƙungiya a Amurka, kuma ita ce ta jefa mata ƙwallon farko a gasar ƙasar. A Yulin 2025 tana cikin tawagar da ta je Maroko, aka ci su biyu a wasan ƙarshe a Rabat suka farke suka ƙara, aka tashi 3 da 2. Kofin Afirka na goma ke nan ga Nijeriya, na huɗu ga Asisat, kuma a wannan karo Shugaba Bola Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin dala dubu ɗari da gida mai ɗaki uku. A watan Satumba na shekarar ta sa hannu da ƙungiyar Al Hilal ta birnin Riyad a ƙasar Saudiyya, saura wata guda ta cika shekara talatin da ɗaya.