Hausawan Agege: Tarihinsu, Zamantakewarsu da Lafiyarsu

Agege ƙaramar hukuma ce a arewacin birnin Legas, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 450,000. Asalin ƙasar ta Awori ce, wani reshe na Yarbawa, amma sama da shekara ɗari ke nan Hausawa na zaune a cikinta. Akwai gidajen da kaka da ɗa da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Duk da haka, matsayinsu tsakanin ɗan gari da baƙo bai daidaita ba, kuma wannan yana shafar karatunsu da aikinsu da lafiyarsu.

Yadda zaman ya faro

Hausawa sun daɗe a Legas kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. A 1863 wani jami'in Ingila mai suna John Glover ya kafa ƙaramar runduna daga Hausawan da suka kuɓuta daga bauta, kuma daga wannan runduna ake lissafa mafarin sojan Nijeriya. Amma Agege goro da jirgin ƙasa ne suka kawo mata Hausawa.

A da, fatake kan niƙi gari har Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, domin sayo goro. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, manoman Agege da Ota suka shiga dasa irin goron da Arewa ke so, tare da koko. A 1901 aka buɗe layin dogo daga Legas zuwa Ibadan, wanda ya ratsa ta Agege, a 1911 kuma ya isa Kano. Tafiyar watanni a kan jakuna ta koma ta 'yan kwanaki. Masu sayen goro suka yada zango kusa da tasha, kuma har yau ana kiran unguwar Zango.

Sana'a da shugabanci

Cinikin ya tsayu ne a kan amana. Baƙo ya sauka wurin mai masauki, wanda zai ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an yi bashi. Huhunan goro na tafiya Arewa, shanu na gangarowa Kudu. Babbar mayankar Oko-Oba da ke Agege tana cikin wuraren da Legas ta dogara da su wajen samun nama, kuma 'yan Arewa na da hannu a kowane mataki, daga dillanci zuwa fawa.

Sarkin Hausawan Agege shi ne ke sasanta rikicin aure da na bashi da na kasuwa, yana kuma magana da yawun jama'arsa a gaban sarakunan Awori da hukuma. Musulunci ya kusanta al'ummomin biyu. A Agege ne Markaz take, makarantar Larabci da Sheikh Adam Abdullahi Al-Ilory ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita nan. An yi auratayya, kuma yara da yawa na tashi da Hausa da Yarbanci a baki ɗaya.

Zaman bai rasa tangarɗa ba. Rikicin kasuwar Ketu a Nuwamban 1999 da na Idi-Araba a Fabrairun 2002 sun ci rayuka da dama, kuma duk da cewa ba a Agege aka yi su ba, fargabarsu ta kai kowace unguwar Hausawa.

Lafiya

Yawancin cututtukan unguwar na cunkoso ne. Ɗaki ɗaya ga mutane da yawa yana sauƙaƙa yaɗuwar tarin fuka. Magudanun da suka toshe da damina su ne matattarar sauro. Ruwan da ake saya a jarka, idan ba a san tushensa ba, hanya ce ta taifot da amai da gudawa, cutar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024. Mahauta kuma suna fuskantar cututtukan da ake ɗauka daga dabbobi, shi ya sa duban likitan dabbobi kafin yanka da bayansa yake kare mai fawa da mai saye baki ɗaya.

Akwai Babban Asibitin Orile-Agege da cibiyoyin lafiya a matakin farko, inda ake awon ciki da allurar rigakafin yara. Jihar tana da shirin inshorar lafiya mai suna Ilera Eko, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa. Sai dai ɗan ci-rani da ke zuwa bayan girbi ya koma da faɗuwar damina ba shi da tsayayyen adireshi, sau da yawa kuma ba ya jin Yarbanci ko Turanci. Irinsa ya fi tsayawa a kantin magani, sai ciwo ya yi nisa ya nufi asibiti. Maganin tarin fuka galibi na wata shida ne, kuma wanda ya yanke shi saboda tafiya yana iya komawa gida da cutar da ta fi wuyar magani.

Ɗan asali ko mazauni

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali. Amma neman aikin gwamnati da tallafin karatu na buƙatar takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda galibi ake bayarwa bisa tushen uba. Matashin da aka haifa a Zango kan iske an tura shi garin kakansa, inda wataƙila babu wanda ya san shi. Jihar Legas tana da hukumar LASRRA da ke yi wa duk mazauni rajista ba tare da duba ƙabila ba. Katinta shaidar zama ce kawai, ba ya maye gurbin takardar asali.