Girgizar Ƙasar Lisbon ta 1755 da Tambayoyi Goma Sha Uku

A wannan makon za mu leƙa bakin Tekun Atlantika ne, mu ga abin da ya auka wa Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, ranar Asabar 1 ga Nuwamba, 1755, wadda ta yi daidai da 26 ga Muharram, 1169. Abin da ya sa muka ɗauko labarin shi ne, bayan ƙura ta lafa an tafka dogon rikici da alƙalami a kan abin da ya faru, har wani ya rasa ransa a ciki.

Lisbon tana zaune ne a gaɓar kogin Tagus, dab da inda yake shiga teku. A lokacin mutanenta sun kai wajen 200,000, kuma tana cikin birane mafiya arziki a Turai. Zinariya da lu'ulu'u suna kwararo mata daga Burazil, inda bayi 'yan Afirka ke haƙo su, ga sukari da taba, ga kayan yaji daga Indiya. Tsakiyar garin, wadda ake kira Baixa, kwari ce tsakanin tuddai, an gina ta a kan yashi da laka, lungunanta matsattsu, benaye a jere kafaɗa da kafaɗa. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Ranar ta zo daidai da idin da Katolika suke tunawa da dukkan waliyyansu, saboda haka coci-coci sun cika, kyandirori na ci ko'ina. Da misalin ƙarfe 9:40 na safe ƙasa ta motsa. Sau uku ta jijjiga, ta ɗan tsagaita ta sake, kuma ta biyun ce ta zubar da rufin coci-coci a kan masu ibada. Ƙura ta tashi har rana ta dushe. Masana na yau suna ƙiyasta ƙarfin girgizar da maki 8.5 ko fiye, kuma tushenta yana can ƙarƙashin teku, wajen kilomita 200 kudu maso yamma da ƙarshen ƙasar Fotugal, a yankin da faifan ƙasa na Afirka yake gogayya da na Turai da Asiya.

Waɗanda suka tsira sun yi abin da kowane mai hankali zai yi, suka gudu daga cikin gine-gine zuwa fili, kuma fili mafi girma shi ne na bakin kogi. Suna tsaye a can sai suka ga ruwa yana janyewa, har ƙasan kogin ya bayyana da tarkacen jirage da kayan da suka nutse tun da daɗewa. Babu wanda ya gaya masu ma'anar wannan. Kimanin minti 40 bayan girgizar, ruwan ya dawo da tsayi, ya haye tasha, ya kwashe jama'a da kwale-kwale, ya koma, ya sake dawowa. Abin da muke kira tsunami yanzu ke nan. An gudu ba a tsira ba.

Sai wuta. Kyandirorin coci da murhun gidaje suka kama katako, iska ta taimaka, gobara ta yi kwana biyar zuwa shida tana ci. Da dama daga gine-ginen da girgizar ta bari a tsaye wutar ce ta ƙarasa su. Babban asibitin garin ya ƙone da ɗaruruwan majinyata a ciki. Sabon gidan wasan waƙe na sarki, wanda aka buɗe watanni bakwai kacal kafin nan, ya zama toka. Fadar Ribeira ta tafi, kuma a cikinta akwai ɗakin karatu mai littattafai wajen 70,000, da zane-zanen Titian da Rubens, da takardun tafiye-tafiyen su Vasco da Gama. A nan kam dole marubuci ya ɗan yi shiru. Amma akwai wani dattijon injiniya, Manuel da Maia, ɗan shekara 78, wanda ke kula da ma'ajiyar takardun masarauta, Torre do Tombo. Hasumiyar da suke ciki ta rushe, shi kuwa ya sa aka tono takardun daga ɓaraguzai aka killace su a wata rumfar katako har aka samo masu wuri.

Masifar ba ta tsaya a Lisbon ba. Igiyar ruwan ta ragargaza garuruwan Algarve a kudancin Fotugal, ta fasa ganuwar Cadiz a Sifaniya, ta bugi gaɓar Maroko daga Tanja zuwa Sale da Safi. Wani malamin tarihi na birnin Fas, Muhammad al-Ƙadiri, ya rubuta ranar a littafinsa Nashr al-Mathani. Ruwan ya kai kudancin Ingila da Ailan, kuma kafin ranar ta ƙare a can ya tsallaka teku ya isa tsibiran Martinique da Barbados. Har tafkunan Sikotilan sai da suka yi tangal-tangal.

Mutum nawa suka mutu? A nan ne aikin marubuci ya fara bayyana. Labarin farko da ya bazu a Turai ya ce dubu ɗari, kuma adadin da marubucin Faransa Voltaire ya sa a waƙensa na 1756 ke nan. Da ya zo rubuta ƙagaggen labarinsa Candide a 1759, sai ya sauko zuwa dubu talatin. Mutum ɗaya, masifa ɗaya, shekara uku tsakani. Masana tarihi na yau suna faɗin tsakanin 10,000 da 40,000 a Lisbon. 'Yan kasuwar Ingila da ke zaune a garin kuwa sun ƙirga nasu mamatan ɗaya bayan ɗaya, ba su kai ɗari ba, kuma wasiƙunsu ne aka fi bugawa, su ne har yau ake yawan ɗauko labarin daga bakinsu. Dubban baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, da suke dako da tallan ruwa da aikatau a wannan gari, kusan ba a jin muryarsu a cikin takardun. Su ma ƙasar ta girgiza da su.

Sarki José na Ɗaya ya tsira don ba ya cikin fada, yana Belém a wajen gari da iyalinsa. Amma tsoro ya shige shi, bai ƙara yarda ya kwana a ginin dutse ba. Aka kafa masa fada ta tantuna da katako a tudun Ajuda, ya zauna a irin wannan har ya mutu a 1777. Mulki ya faɗa hannun sakatarensa na harkokin waje da yaƙi, Sebastião José de Carvalho e Melo, wanda daga baya aka naɗa shi Marquês de Pombal, sunan da tarihi ya san shi da shi. Ana danganta masa cewa da sarki ya tambayi abin yi, ya amsa da a binne matattu a ciyar da rayayyu. Ko shi ya faɗa ko wani, haka ya aikata. Ya nemi yardar shugaban cocin Lisbon aka loda gawarwaki a jiragen dako aka nutsar a teku don gudun annoba. Ya ƙayyade farashin abinci a kan yadda yake kafin girgizar. Ya kafa gumagumai na rataya a wurare masu tudu inda kowa zai gani, aka rataye masu wawaso fiye da talatin. Ya sa sojoji suka tare hanyoyi, don kada majiya ƙarfi su gudu su bar garin babu masu aiki.

To, mu zo ga alƙaluma. Jaridar garin, Gazeta de Lisboa, ba ta fasa fitowa ba, amma a fitowarta ta 6 ga Nuwamba 'yan layuka kaɗan ta ba lamarin, kuma har a cikin 'yan layukan sai da ta tabbatar wa masu karatu cewa an gano akwatunan baitulmalin sarki. Masu wa'azi kuwa ba su yi rowar magana ba. Abin lura shi ne kusan kowa ya hango zunubin abokin gabarsa ne a cikin ɓaraguzan. John Wesley na Ingila, ɗan Furotesta, ya ga sakayyar jinin da kotun binciken aƙida ta Katolika ta zubar. A cikin Fotugal kuma wani fada na ƙungiyar Jesuit, Gabriel Malagrida, ɗan Italiya da ya yi shekaru yana wa'azi a Burazil, ya fitar da ƙasida a 1756 yana cewa zunuban mutanen Lisbon ne kaɗai sanadi, yana zargin masu maganar dalilan ɗabi'a, yana kiran jama'a su ajiye komai su shiga halwar tuba. Pombal kuwa hannaye yake nema na kwasar ƙasa. Aka kori Malagrida zuwa Setúbal.

Voltaire ya yi amfani da masifar ya caccaki ra'ayin masu bin Leibniz, masu cewa wannan duniyar ita ce mafi kyawun da za ta yiwu kuma kowane sharri yana da amfaninsa a babban tsari. Ya tambaya, wane laifi jariran da aka danne a ƙirjin uwayensu suka yi, kuma shin Lisbon ta fi Paris da Landan ɓarna ne? Amsar da ta fi jan hankalinmu ita ce ta Rousseau, a wasiƙar da ya aika masa a watan Agusta na 1756. Cewa ya yi ba ɗabi'a ce ta tara gidaje dubu ashirin masu hawa shida da bakwai wuri ɗaya ba, kuma da yawa sun mutu ne don sun koma ɗauko tufafi ko takardu ko kuɗi. Maganar tana da ɗan rashin tausayi, amma ta mayar da tambayar inda ɗan Adam yake da hannu, wato inda ya gina da yadda ya gina. A ganinmu mai imani da ƙaddara ba shi da abin faɗa da wannan. Ai mu ne muke cewa Allah Ya ce tashi in taimake ka. Can a Königsberg kuma wani matashi ɗan shekara 31, Immanuel Kant, ya rubuta maƙaloli uku a 1756 yana cewa iska mai zafi ce ke fashewa a kogunan dutse na ƙarƙashin ƙasa. Bai dace da daidai ba, amma ya nemi dalilin a cikin ƙasar kanta.

Duk da shaharar waɗannan sunaye, rubutun da ya fi daɗewa yana amfani ba shi da daɗin karatu ko kaɗan. A farkon 1756 gwamnatin Pombal ta aika da takarda mai tambayoyi 13 ga limaman coci na kowace unguwa da ƙauye a ƙasar, ta hannun bishop-bishop. Da ƙarfe nawa ta fara, kuma ta ɗauki tsawon wane lokaci? Ta wace fuska gine-gine suka fi faɗuwa? Gida nawa ya rushe? Mutum nawa ya mutu? Me aka gani a teku da maɓuɓɓuga da koguna? Teku ya fara janyewa ne ko cikowa, taƙi nawa ya hau, sau nawa? Ƙasa ta tsage? An sake jin motsi bayan ranar? Akwai wanda ya tuna wata girgiza kafin wannan? An yi ƙarancin abinci? Babu tambaya ko ɗaya a kan laifin wane ne. An nemi kowane limami ya faɗi abin da idonsa ya gani da abin da ya ƙirga a garinsa. Ɗaruruwan amsoshin suna nan a Torre do Tombo, ma'ajiyar da dattijon nan ya ceto, kuma da su masana girgizar ƙasa suke zana taswirar inda ta fi tsanani da inda ta yi sauƙi. Limamin ƙauyen da ya zauna ya rubuta cewa rijiyarsu ta gurɓace kwana kaza bai san yana yi wa wani ilimi da ba a haifa ba tukuna hidima ba.

Sake ginin ma da irin wannan tunani aka yi shi. Manuel da Maia da Eugénio dos Santos da Carlos Mardel suka share tsohuwar Baixa, suka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka kafa turakun katako a cikin lakar don su ɗauki harsashi. A cikin kowane bango aka saka firam na katako a giciye, wanda suke kira keji, don in ƙasa ta motsa ginin ya yi lilo maimakon ya zube, aka kuma ɗaga bango tsakanin gida da gida ya wuce rufi don tare gobara. An ce har sojoji aka sa suka yi ta maci a kewayen samfurin ginin don a gwada shi. Harajin kashi 4 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su ya taimaka wajen biya. Filin fadar da ta ƙone aka sake masa suna Filin Kasuwanci, Praça do Comércio, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna wa waɗanda aka gina sabon garin dominsu.

Kada dai mu yi saurin yi wa Pombal kirari. Mutumin da ya aika da tambayoyin nan ba ya son a yi masa tambaya. Da aka harbi sarki a 1758, ya ɗora laifin a kan gidan sarautar Távora, aka yi masu kisan gilla a bainar jama'a a Janairun 1759, a shekarar kuma ya kori 'yan Jesuit daga ƙasar. A 1761 ya hana shigo da bayi cikin Fotugal kanta, alhali kamfanonin da ya kafa suna ci gaba da jigilarsu daga Afirka zuwa Burazil. Malagrida kuwa, bayan shekaru a kurkuku har hankalinsa ya taɓu, aka miƙa shi ga kotun binciken aƙida, wadda ƙanin Pombal ke shugabanta a lokacin. A watan Satumba na 1761 aka shaƙe shi a dandalin Rossio aka ƙona gawarsa, yana da shekara 72. Voltaire, wanda bai yarda da ko kalma ɗaya ta ƙasidar tsohon ba, yana cikin waɗanda suka yi tir da kisan.

Da Sarki José ya mutu a 1777, 'yarsa Maria ta hau gadon mulki ta sallami Pombal, ya ƙare rayuwarsa a ƙauye a 1782. Fadar katakon da sarki ya fake a ciki don tsoron dutse, gobara ce ta cinye ta a 1794. Cocin Carmo kuma ba a taɓa mayar masa da rufi ba, bakunansa na dutse suna nan tsaye a kan tudu, ana hango su daga titunan Baixa.